Jirgin Zariya da Ke Ajiye a Jos: Yadda Ake Ceto Tsohon Kan Jirgin Ƙasa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauke murya ba, da masu cewa sun fi gane abu idan sun karanta da idonsu. Daga Tudun Wadan Zariya nake magana, kamar kullum.

Bari in fara da tambaya. A cikinku mutum nawa ne suka san cewa an taɓa yin layin dogo da ya tashi daga Zariya kai tsaye zuwa Jos? Ba ta Kaduna ba, ba ta Kafanchan ba. Daga nan ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre, ya hau tsauni ya shiga Jos, ya ƙare a Bukuru. Turawa suna ce masa Bauchi Light Railway, wato ƙaramin dogon Bauchi. Kuma abin dariya, bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Sunan ya samo asali ne daga cewa a lokacin yankin Jos yana ƙarƙashin lardin Bauchi. An gama shi a 1914, tsawonsa mil 143, aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafan. Kafin a yi shi, a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako ne ke saukowa da ita daga tsauni.

Wannan dogo siriri ne, tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa biyu da rabi kacal, milimita 762. Babban layin da kuka sani, wanda ya ratsa Sabon Gari ya wuce Kano, ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067. Kun ga ke nan kayan da ya sauko daga Jos dole a sauke shi a Zariya a sake loda shi a manyan taragu. Aikin hannu ne, mutane ne ke yi, kuma da irin wannan aiki garin ya cika da baƙi. Abin da ya kashe ƙaramin dogon shi ne babban layin gabas da ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta samu hanyar Fatakwal ba sai an sauke an sake lodi ba. Ya ci gaba da jan jiki na shekara talatin, sannan aka rufe.

To ina kawunan jirgin da suka yi wannan aiki? Abin da ya tsira yana Jos, a harabar gidan tarihi na ƙasa, kawuna da taragu, ana nuna wa maziyarta. Ku lura, layin nan bakinsa biyu ne. Ɗaya Jos, ɗaya Zariya. Jos ta ajiye nata rabon labarin. Mu kuwa yaron Tudun Wada zai gama sakandare, ya gama jami'a, bai taɓa jin zancen ba. Maganar da nake so mu yi yau ke nan: yaya ake ceto tsohon kan jirgi, me ake yi masa, nawa yake ci, kuma me ya sa nake ganin lokacin da ya rage mana ba shi da yawa.

Kafin nan, kaɗan daga tarihi, don mu san abin da muke magana a kai. An fara dogon Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne. Baro tana bakin Kwara, jiragen ruwa ke kawo ƙarafa da kawunan jirgi a wargaje, a haɗa su a can. Layin ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da layin Legas. Daga baya aka ja wani reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Wato akwai lokacin da dogo ke fita daga garin nan ta fuska huɗu: Kano, Kaduna, Ƙaura, Jos. Auduga, gyaɗa, kuza, fata, shanu, duk ta nan suke bi. Sabon Gari da Tudun Wada kansu a wannan zamani suka kafu, wajen ganuwa, saboda baƙin da dogo da kamfanonin Turawa suka jawo. Idan kakanka ba haifaffen cikin birni ba ne, ka bincika da kyau, akwai yiwuwar jirgi ne ya kawo shi, ko aikin da jirgi ya kawo.

Yanzu shi kan jirgi mai tururi, mene ne shi? Yawancinmu ba mu taɓa ganinsa yana tafiya ba sai a finafinan Indiya. A taƙaice, tukunya ce a kan ƙafafu. A baya, inda direba ke tsayawa, akwai murhu. Mutum guda aikinsa ke nan, ya riƙa ɗibar kwal da shebur yana watsawa ciki, tun daga tasha har tasha. Kwal ɗin nan daga Inugu ake kawo shi, ku duba nisan. Zafin wutar yana bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa wata doguwar tukunya cike da ruwa. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru ba shi da mafita, ya yi ƙarfi. Direba ya buɗe masa hanya, ya shiga silinda ya tura fistin gaba da baya, fistin ya tura sandunan ƙarfe, sanduna su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki sai ya fice ta bututun hayaƙi, kuma fitarsa ce ke zuƙo iska ta cikin murhu, wuta ta ƙara ci. Wannan ƙarar da yara ke kwaikwayo, cuku-cuku-cuku, ita ce fitar tururin. Gwargwadon gudunsa, gwargwadon yadda yake hura wa kansa wuta. Ni dai wannan dabara tana burge ni har gobe.

Sai dai yana da ƙishirwa. Ruwan da yake sha ya ninka kwal ɗin da yake ci sau da yawa, shi ya sa ake kafa manyan tankuna a tashoshi. A Arewa, inda rani ke da tsawo, wannan babbar matsala ce, ga kuma wahalar jawo kwal daga kudu. Don haka da hukumar jiragen ƙasa ta kawo kawunan dizal na farko a 1955, guda goma ƙirar kamfanin English Electric, a nan Arewa suka fara aiki, kan layin Zariya da Kano. Daga nan tururi ya fara ja da baya. Kafin haka kawunan har suna ake raɗa musu. Akwai masu sunayen sarakuna. Akwai wani rukuni da aka fara kawowa a 1948 daga masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila, kowanne da sunan wani kogi na Najeriya a jikinsa.

To a ce yau an nuna mana ɗaya a cikin ciyawa, shekara arba'in ko hamsin ba a taɓa shi ba. Me za mu fara yi? Na san amsar da mafi yawanmu za su bayar: a sayo fenti. Nan ne kuskuren da ake yi a wurare da dama. Fenti a kan tsatsa kamar hoda ce a kan ƙurji, ƙarfen yana ci gaba da ruɓewa a ƙasa, bayan damina biyu ya ɓare ya fi da muni. Masu wannan sana'a abin da suke fara nema biro ne da kyamara. Wane ne wannan? Kowane kan jirgi yana da lambarsa, yana kuma da faranti na tagulla da masana'anta ta manna, mai ɗauke da sunanta da shekarar ƙira. Irin waɗannan farantai su ake fara sacewa, tare da usur da duk wani abu na tagulla ko jan ƙarfe. Amma ko an cire su, sau da yawa akwai lambobi da aka buga a jikin sanduna da sauran sassa, idan aka kankare datti za a gani. Da lambar za a iya bin sawu har zuwa takardun masana'anta. Kan jirgin da ba a san sunansa ba, ba a san inda ya yi aiki ba, tarin ƙarfe ne kawai, kuma ɗan gwangwan ya fi ka hujja a kansa.

Bayan rubutu sai rufi. Wallahi rufi ya fi komai. Ruwan sama yana shiga ta bututun hayaƙi, ya tarar da tsohon toka da baƙin hayaƙi, su haɗu su zama ruwa mai cin ƙarfe, ya huda ƙasan wurin. Sannan tukunyar an naɗe ta da wani abu mai riƙe zafi, an rufe da falle-fallen ƙarfe. Wannan abu idan ya jiƙe ba ya bushewa, sai ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikin ƙarfe shekara da shekaru. Rumfar kwano ta talaka, da murfi a bakin bututu, da share tokar ciki, sun fi gwangwanin fenti ɗari amfani.

A nan dole in ja kunne, musamman ga 'yan uwana masu zafin nama da za su ce gobe mu ɗauki guduma mu je aikin gayya. Wancan abin naɗin da na ambata, a tsofaffin kawuna yawanci asbestos ne. Fari-fari ne kamar auduga, idan ya bushe yana tashi kamar ƙura. Shaƙarsa na jawo cutar huhu da sankara, kuma ba ya nunawa sai bayan shekaru masu yawa. Tsohon fentin ma sau da yawa akwai dalma a cikinsa, mu kuwa a Arewa mun ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Wannan sashe na ƙwararru ne masu kayan kariya. Kada kowa ya taɓa.

Idan an wuce nan, hanya ta rabu biyu, kuma dole a zaɓa tun da wuri. Ko dai a gyara shi don kallo, ko a gyara shi ya tashi. Gyaran kallo shi ne a kankare tsatsa har a ga lafiyayyen ƙarfe, a yanke inda ya ruɓe a yi walda, a shafa maganin tsatsa, sannan fenti irin launinsa na asali, a mayar da lambarsa, a sa giris a gaɓoɓi, a ɗora shi kan guntun dogo mai tsakuwa a ƙasa don kada ruwa ya kwanta. Akwai ƙa'ida guda da masu gidajen tarihi ke riƙewa: duk abin da za a iya bari na asali, a bar shi, abin da aka sauya kuma a rubuta cewa an sauya. Lotsawar da ke jikin shebur ko santsin da hannun direba ya yi wa ƙarfe ba lahani ba ne, shi ne shaidar cewa mutane sun yi aiki a nan. Wannan mataki, ina gaya muku, babu abin da ya fi ƙarfin masu walda da makanikai na Sabon Gari ko Fanteka ta Kaduna, muddin akwai mai sa ido da ya san ƙa'ida.

Tashinsa kuwa wata duniya ce. Tukunyar da ke riƙe tururi mai ƙarfi, idan ta fashe, ba ta barin kowa a kusa. Sai an ɗaga ta daga kan ƙafafun, an zare bututun ciki duka, an auna kaurin ƙarfen wuri-wuri da na'ura, an duba ɗaruruwan ƙusoshin da ke riƙe bangon murhu. Bayan gyara a cika ta da ruwan sanyi, a matsa da famfo fiye da ƙarfin da za ta yi aiki da shi, a ga ko za ta yi yoyo. Da ruwa ake fara gwaji saboda idan ta tsage ruwa zubowa kawai zai yi, tururi kuwa tarwatsewa yake. A Ingila, duk bayan kamar shekara goma sai an sake wannan aiki gaba ɗaya. Kuɗin fa? Akwai wani shahararren kan jirgi a can mai suna Flying Scotsman, ƙirar 1923. Gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York ya fara gyaransa a 2006, bai koma kan dogo ba sai 2016, kuma ya ci sama da fam miliyan 4. Guda ɗaya fa. Ku canza zuwa naira da kanku, ni ba na son hawan jini. Shi ya sa duk wanda ya zo muku da zancen cewa za a tayar da jirgin tururi ya riƙa kai 'yan yawon buɗe ido Ƙaura kafin a yi rumfa, ku san ko dai bai san aikin ba, ko kwangila yake nema.

Wani zai ce ai wannan harkar Turawa ce masu kuɗin banza. To mu je Saliyo. Dogonsu irin na ƙaramin layinmu na Jos ne sak, ƙafa biyu da rabi. An rufe shi a 1974, aka sayar da kusan komai a matsayin gwangwan. Amma an tura wasu kawuna da taragu cikin tsohon wurin gyara da ke Cline Town a Freetown, aka rufe. Aka yi yaƙin basasa daga 1991 zuwa 2002, har 'yan gudun hijira suka zauna a cikin wurin. Kayan suka sha wuya, amma suna ƙarƙashin rufi, ba su narke ba. A 2004 wani hafsan sojan Birtaniya mai son jiragen ƙasa, Kanar Steve Davies, ya gan su, ya haɗa kai da mutanen gari aka fara gyara, Shugaba Ahmad Tejan Kabbah ya goyi baya, a 2005 aka buɗe gidan tarihin jiragen ƙasa na Saliyo. A ciki har da taragon da aka ƙera saboda ziyarar Sarauniyar Ingila ta 1961. Ƙasar da ta fito daga yaƙi ke nan. Ba su fara da tayar da tururi ba, sun fara da shara da kankara da fenti. Wani abin kuma, a 1975 wata ƙungiyar masu son dogo daga yankin Wales ta sayi kai guda da taragu daga Saliyo ta kai can, aka ci gaba da ɗaukar fasinja da su. Abin da mai shi ya ga bola ne, wani ya biya kuɗin jirgin ruwa ya ɗauka.

Kenya ma tana da nata a Nairobi tun 1971, har sun taɓa tayar da wasu kawunan suka yi tafiya. A gida Najeriya akwai Jaekel House a unguwar ma'aikatan reluwe ta Ebute Metta a Legas, gini ne na 1898, wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira Legacy ta gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihi a 2010. An sa masa sunan Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin reluwe da ya rubuta tarihin dogon Najeriya. Ku lura da wannan: ba gwamnati ce ta fara ba, mutane ne suka je suka nemi izini.

Akwai labarin da nake so game da 'yan gwangwan, don kada a ce na mayar da su abokan gaba. A garin Barry na Wales akwai wani dillalin tsofaffin ƙarafa, Dai Woodham. Ya sayi kawunan jirgi kusan ɗari uku don ya yanka. Sai ya ga yanka taragu ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, ya bar kawunan a gefe sai ya samu lokaci. Kafin lokacin ya zo, ƙungiyoyin sa-kai suka riƙa tara kuɗi suna saye ɗaya bayan ɗaya, har 213 suka fita da rai. Ɗan kasuwa ne, bai yi don Allah ba, farashi aka ba shi ya sayar. Ɗan gwangwan na Zariya ma haka yake, kilo yake gani. Idan babu wanda ya zo ya ce wannan kada a yanka, ga dalili, ga takarda, laifin wa?

Yanzu bari in taɓo abin da na san wasunku na riƙe da shi a rai, don ni ma ina jin nauyinsa. Dogon nan ba don son kakanninmu aka yi shi ba. An yi shi ne don a kwashi gyaɗa da auduga da kuza a kai bakin teku, a kuma iya kawo soja da sauri. Aikin shimfiɗa shi, wanda ake kira aikin diga, an yi shi da mutanen da aka tilasta wa hakimai da dagatai su tattaro daga ƙauyuka. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, a idonsa aka yi, har ya yi waƙa a kai, Waƙar Diga. Kwal ɗin da ake zubawa a murhu kuwa, masu haƙo shi ne 'yan sanda suka harbe 21 daga cikinsu a Iva Valley ta Inugu a watan Nuwamban 1949. To me ya sa za mu shafa wa kayan mulkin mallaka fenti?

Amsata ita ce, ya danganta da abin da aka rubuta a allon da ke gabansa. Idan allon ya ce an ƙera shi a Glasgow, nauyinsa kaza, gudunsa kaza, shi ke nan, to gaskiya an yi wa masana'anta talla ne kawai. Amma idan ya faɗi ƙauyukan da aka ɗebo 'yan diga, ya faɗi yadda mai zuba kwal ke tsayuwa gaban wuta a watan Afrilu, ya faɗi cewa ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945 ƙarƙashin Michael Imoudu, wanda ya girgiza gwamnatin Turawa sama da wata guda, to wannan ƙarfe ya zama shaida a hannunmu. Kuma a rubuta da Hausa, da boko da ajami, kafin Turanci. Yaro ba ya taɓa darasin tarihi da hannu, amma zai taɓa ƙafar jirgin da ta kusa kai shi tsawo, daga nan tambaya za ta fito da kanta.

Masu cewa ana yunwa wa ke ta tsohon ƙarfe, ban raina maganarku ba. Shi ya sa ban ce a ware biliyoyi ba. Rubuta abin da ke akwai, da rumfa, da mai gadi, ba su kai kuɗin walimar buɗe wani aikin ba.

Me ya sa nake cewa lokaci ya ƙure? A Yulin 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, mai faɗin milimita 1,435. A 2021 aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano, wanda zai bi ta Zariya, da na Kano zuwa Maraɗi. Muna murna, muna addu'a a gama. Amma jirgin sabon layi ba ya hawa tsohon layi, na tsoho ma ba ya hawa sabo. Ranar da sabon ya fara aiki sosai, duk abin da ke kan tsohon dogo zai koma abin da ake lissafawa da kilo: kawunan dizal, taragun fasinja, taragun shanu, ƙarafan ba da hannu, ma'aunin kaya, kararrawar tasha, injin buga tikiti. Abin da ya faru da ƙaramin layin Jos a 1957 ke nan. Kuma kada mu tsaya kan tururi kaɗai. Kan dizal da iyayenmu suka hau zuwa Legas, wanda mu muke gani kamar tsohon tarkace, shi ne abin da jikokinmu za su nema su rasa. Gyaransa don kallo ma ya fi sauƙi.

Abin da ya fi ƙarfen saurin tafiya kuwa mutane ne. Wanda ya zuba kwal yana saurayi a shekarun 1960 yau ya haura tamanin ko yana dab da ita. Su ne suka san wace tasha ake shan ruwa, wane hawa ne jirgi ke nishi, wane suna suke kiran kowane kai da Hausa, waɗanne kalmomi suke amfani da su a wurin gyara. Wannan ba ya cikin fayil ɗin kowa.

Kuma abin da ke ba ni haushi shi ne, garin nan ba ya rasa masu iyawa. Hedikwatar shiyyar Arewa ta hukumar jiragen ƙasa tana Zariya. Cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, tana Zariya tun 1986. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen injiniyan kanikanci, da na tarihi, da na nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, da na zane-zane. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. A ce ɗalibi ɗaya ya auna kai guda ya zana shi, wata ta tattara hirar tsofaffin ma'aikata, wani ya tsara rumfa, wata ta rubuta allunan bayani. Kayan na hukumar jiragen ƙasa ne, ita ke da ikon cewa wannan a ware shi kada ya shiga gwanjo. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kuma ita doka ta ba ikon ayyana abu a matsayin kayan tarihi. Aikinmu shi ne mu kai musu takarda mai lamba da hoto, ba surutun intanet kawai ba. Kuma don Allah kada wani ya tsallaka cikin yadin tasha yana ɗaukar hoto ba izini, wuri ne mai tsaro, ga batun satar ƙarafan dogo da ya sa ake zargin duk wanda aka gani yana leƙe-leƙe. A rubuta, a nemi izini, a shiga ta ƙofa.

Abin da ba ya buƙatar izinin kowa shi ne wannan. Idan a gidanku ko unguwarku akwai tsohon da ya yi aikin reluwe, direba ne, mai zuba kwal ne, mai ba da hannu ne, leburan dogo ne, ko tsohuwar da ta yi tallar abinci a tasha, ku je ku gaishe su a wannan mako. Ku nemi yardarsu, ku kunna rikoda a waya, ku ce: Baba, wane jirgi ka fara hawa, daga ina zuwa ina, wa ke tuƙi? Ku tambaya ko akwai hoto, ko katin aiki, ko hula, ko fitilar hannu a ƙasan akwati. Ku rubuta ranar da kuka yi hirar da unguwar. Wanda ya samu wanda ya taɓa hawa ƙaramin jirgin Jos kafin 1957, ya yi mana magana ta akwatin saƙo da gaggawa, da shi za mu buɗe shiri na gaba in Allah Ya kai mu.